Ɗan Maraya Jos

Adamu Wayya, wanda aka fi sani da Ɗan Maraya Jos (1946 – 20 ga Yuni, 2015), mawaƙin baka ne na Hausa kuma makaɗin kuntigi daga Jihar Filato a Najeriya. Ya yi fice ne da yin waƙa shi kaɗai, ba 'yan amshi, ba 'yan kiɗa, sai ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya wanda ya haɗa da hannunsa ya kuma koyi kaɗawa tun yana yaro. Yawancin waƙoƙinsa sun shafi talakawa da sana'o'in da ake rainawa, da zaman aure, da halayen ɗan Adam. Fitacciyar waƙarsa ita ce Waƙar Karen Mota. Ya shafe fiye da shekara hamsin yana waƙa, kuma shi ne mutumin da ya sa aka san kuntigi a wajen ƙasar Hausa.

Suna

Sunansa na yanka Adamu. Laƙabin Ɗan Maraya ya samo asali ne daga rashin iyayensa da ya yi tun yana jariri. Kalmar ɗan a cikin wannan suna ba ta nufin cewa mahaifinsa ne maraya, kamar yadda ake cewa ɗan sarki ko ɗan malam. Ɗan ne na ƙanƙantawa, irin wanda ke cikin ɗan yaro ko ɗan tsako, wato ƙaramin maraya. Akwai kuma wata kalmar maraya mai ma'anar babban gari, kishiyar karkara, wadda ake rubutawa da baƙaƙe iri ɗaya amma furucinsu ya bambanta, don haka wanda ya fara cin karo da sunan a takarda yana iya ɗauka mutumin birni ake nufi. Ba haka ba ne. An ƙara Jos a ƙarshen sunan saboda a can ya zauna, kuma al'adar mawaƙan Hausa ce a jingina su da garuruwansu, kamar Mamman Shata Katsina, da Musa Ɗanƙwairo Maradun, da Haruna Uji Haɗeja.

Haihuwa da ƙuruciya

An haife shi a shekarar 1946 a Bukuru, wani gari da ke kudu da Jos. Mahaifinsa makaɗin fada ne a wurin sarkin Bukuru, shugaban al'ummar Hausawan garin. Mahaifin ya rasu jim kaɗan bayan haihuwar Adamu, mahaifiyarsa ma ta bi shi tun yaron bai yi wayo ba. Sarkin da uban yake yi wa kiɗa shi ne ya ɗauki yaron ya riƙe shi a gidansa.

Bukuru ta wancan lokaci gari ne na kuza. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawan Ingila suka buɗe mahaƙai a tsaunukan Filato, a ƙasar Birom, kuma aikin ya jawo dubban leburori daga Kano, Katsina, Sakkwato, Zariya, Barno da kudancin Najeriya. A 1914 ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso yankin domin kwasar kuza, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin mulkin mallaka ta tilasta wa mutane da yawa daga lardunan Arewa zuwa aikin haƙar. Ta haka Hausa ta zama harshen da Birom da Ngas da Ibo da Yarbawa da Barebari suke haɗuwa a kansa a kasuwa da barikin ma'aikata. Yaron da ya tashi a nan ya tashi ne cikin leburori, da direbobi, da 'yan dako, da 'yan ga-ruwa, da baƙin da suka baro gida neman kuɗi. Waɗannan mutane su ne suka cika waƙoƙinsa daga baya. Wataƙila wannan ne ma ya sa Hausar waƙoƙinsa ta fito sarai, babu tsauraran kalmomin fada irin waɗanda sai an yi wa mai sauraro fashin baƙi a waƙoƙin Ibrahim Narambaɗa, har wanda Hausa ba harshen uwarsa ba ne yana iya bin labarin daga farko zuwa ƙarshe.

Hausawa suna raba masu sana'a gida biyu: mai gado da ɗan haye. Mai gado ya tarar da sana'ar a gidansu, ya koya a hannun uba ko yaya. Ɗan haye shigowa ya yi daga waje. Ɗanƙwairo misali ne na mai gado, domin ya fara ne a ƙarƙashin mahaifinsa sannan yayansa Abdu Kurna kafin ya tsaya da ƙafarsa. Shata kuwa haye ya yi. Matsayin Ɗan Maraya ya faɗo tsakani. Ta wajen jini ɗan makaɗi ne, amma uban bai rayu ya koya masa komai ba, bai bar masa ƙungiya ba, kuma kayan kiɗan da ya ɗauka ba na fada ba ne. Abin da ya samu shi ne zama kusa da makaɗan garin, yana saurare yana kwaikwayo.

Zuwa Maiduguri da koyon kuntigi

Tun bai kai shekarun samartaka ba ya yi wata tafiya zuwa Maiduguri. A can ya ga makaɗan da suka burge shi, ya haɗa wa kansa kuntigi. Daga nan bai sake rabuwa da shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Cewa yaro ya haɗa abin kiɗansa da kansa ba abin mamaki ba ne idan aka dubi yadda kuntigi yake. Kalangu sai an sami masassaƙi da wanda ya iya ɗaurin fata da tsarkiya. Kotso da taushi da tambari da kakaki suna da gidajensu da sarakunansu, ba kowa ke ɗauka ba. Kuntigi kuwa gwangwani ne da sanda da fata da tsirkiya. Ba ya bukatar izinin kowa, ba ya bukatar jari, kuma ba ya bukatar abokin kiɗa. Ga maraya marar ƙungiya, da wuya a sami abin kiɗan da ya fi shi dacewa.

Koyonsa ne ba sauƙi. Babu littafi, babu alamar da aka zana a jikin sandar da za ta nuna wa mai koyo inda zai ɗora yatsa. Kunne ne malami. Mai koyo yakan fara da ɗan gajeren zagayen kiɗa guda ɗaya, ya yi ta maimaitawa har hannun dama ya daina tuntuɓe. Sannan ya koya wa yatsun hagu wuraren da sautuka suke. Mataki mafi wuya shi ne na uku, wato ɗora murya a kai, domin da zarar baki ya fara furta kalmomi hannu yakan so ya tsaya ko ya bi bakin ya saki kari. Sai ranar da hannu ya iya tafiya da kansa, zuciya ta sami sararin tsara magana, sannan mutum ya zama makaɗin kuntigi.

Yadda kuntigi yake

Kuntigi, wasu kan ce kuntugi, yana cikin kayan kiɗan Hausa masu tsirkiya. Danginsa su ne garaya, mai tsirkiya biyu, wadda aka san ta da mafarauta da 'yan bori. Da gurmi, shi ma mai tsirkiya biyu, wanda Haruna Uji na Haɗeja a Jihar Jigawa ya yi suna da shi. Da molo mai tsirkiya uku. Duk waɗannan kaɗa su ake yi. Goge da kukuma kuwa, kodayake su ma tsirkiya ɗaya gare su, goga su ake yi da ɗan baka, kamar yadda Garba Supa yake yi da kukumarsa. Kuntigi shi ne ƙaraminsu duka.

Jikinsa yawanci gwangwanin kifin sadin ne mai siffar ƙwai, a rufe bakinsa da fatar akuya a ɗaure tamau. Sanda tana shiga ta jikin ta fito ta zama wuya, tsirkiyar kuma tana miƙe daga ƙarshen wuyan zuwa gindin gwangwanin, ta bi ta kan ɗan abin da ke ɗaga ta daga fatar. Idan aka kaɗa tsirkiya, girgizarta tana sauka kan fatar, fatar da iskar da ke cikin gwangwanin su ƙara mata ƙarfi. Ƙanƙantar jikin da kasancewarsa ƙarfe su ne suke ba kuntigi wannan siririyar murya mai kaifi da ake ganewa tun daga nesa. Kasancewar gwangwanin kifi kayan kanti ne ya nuna cewa kuntigi a siffarsa ta yanzu ɗan zamani ne, ko da yake tsarin ƙirarsa tsoho ne a Afirka ta Yamma, inda ake da ngoni a Mali da halam a Senegal. Masu binciken tarihin banjo na Amurka suna danganta asalinsa da irin wannan dangi na kayan kiɗa masu fata da tsirkiya, waɗanda bayin da aka kwasa suka tafi da iliminsu.

Tsirkiya ɗaya tana ba da sautuka da yawa ne ta hanyar rage tsawonta. Duk inda yatsa ya danne, ɓangaren da ke girgiza ya gajarce, sauti ya hau. Idan aka danne a daidai tsakiya, sautin da zai fito shi ne na farkon amma a sama, kamar muryar yaro da ta babba suna rera abu ɗaya. Da yake fata ce a jiki, yanayi yana taɓa shi: da damina ko cikin raɓa fatar takan saki, murya ta dushe, sai an ɗan gasa ta a rana ko kusa da wuta ta koma daidai.

Salon kiɗan Ɗan Maraya yana da fuska biyu. Idan ya yi shiru tsakanin ɗiyan waƙa, kuntigi yakan koma kan wani zagaye mai sauri wanda ya keɓanta da wannan waƙar, ya yi ta juyawa a kai. Idan ya fara rerawa kuma, sau da yawa yakan sauya sautukan zagayen su bi muryarsa, inda ta hau su hau, inda ta sauka su sauka. Wannan yana da alaƙa da yadda Hausa take. Harshe ne mai karin sauti, inda hawa da saukar murya ke bambanta ma'ana. Wuya na jiki da wuya ta wahala baƙaƙensu ɗaya, amma na farko yana farawa sama ya sauka, ta biyu tana farawa ƙasa ta hau. Tsawon wasali ma haka: gari na zama da gari na tuwo. Mawaƙin Hausa ba shi da cikakken 'yancin jan kalma duk inda ya ga dama, domin yana iya ɓata ta. Abin kiɗan da ba a yanka masa matakai a wuya ba yana iya bin waɗannan hawa da sauka kusa da kusa, shi ya sa masu sauraro sukan ji kamar kuntigin ma magana yake yi.

Mutum ɗaya a cikin al'adar ƙungiya

Waƙar baka ta Hausa, musamman ta manyan mawaƙa, aikin ƙungiya ce. Akwai jagora mai bayar da waƙa, akwai 'yan amshi masu karɓar gindin waƙa, akwai makaɗa, sau da yawa kuma akwai sanƙira mai cusa kirari da sanar da kyauta. Shata yana da 'yan kalangu da 'yan amshi. Narambaɗa da Ɗanƙwairo suna da 'yan kotso, kuma a wajensu amshin ba maimaici kawai ba ne, 'yan amshi sukan karɓi ɗa daga bakin jagora su ƙarasa shi. Ƙungiya kuma ita ce makaranta. Yaro yakan shiga da ɗaukar kaya, ya koma amshi, a ba shi ƙaramar ganga, a hankali ya haddace waƙoƙin gidan, wata rana ya gaji jagoran ko ya ware ya kafa tasa.

Amfanin amshi ga jagora a fili yake. Lokacin da 'yan amshi suke rera gindi, shi yana numfasawa yana shirya ɗa na gaba. Idan ya manta, su tuna masa. Idan muryarsa ta gaji, su rufa masa asiri. Ɗan Maraya ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kuntigi ne ɗan amshinsa: zagayen da yake komawa kansa tsakanin ɗiya shi ne yake ba shi sararin numfashi da tunani. Duk kuskuren da ya faru kuma a bainar jama'a yake faruwa, babu ƙarar ganga da za ta binne shi.

Wannan kaɗaici ya yi tasiri a kan irin waƙar da ya yi. Mai ƙungiya yana da bakuna da yawa da zai ciyar, don haka dole ya nemi sarki ko attajiri ko ɗan siyasa mai kyautar doki da riga da mota. Masanin zamantakewa M. G. Smith ya yi bayanin wannan alaƙa ta maroƙi da ubangida a wani nazari da ya buga a 1957. Mai kuntigi kuwa kayan aikinsa duka suna shiga aljihun babbar riga. Yana iya tsayawa a tashar mota, ko bakin kasuwa, ko barikin leburori ya yi waƙa ya sami na abinci. Bai zama dole ya yabi mai kuɗi ba, sai ya ga dama. Ɗan Maraya ya yi waƙoƙin yabo kamar kowane mawaƙi, amma ya fi zaɓar waɗanda shi yake ganin sun cancanta, ko da ba su da abin ba shi. Akwai kuma tasiri ta wajen tsari. Da yake babu amshin da zai riƙa katse shi, yana iya jan labari mai tsawo, ya shigo da mutane biyu ko uku suna musayar magana, ya sauya murya daga miji zuwa mata zuwa tsohuwa. Wasu waƙoƙin nasa sun fi kusa da wasan kwaikwayo na mutum ɗaya.

Kwatanci da ukulele

A wajen Afirka, abin kiɗan da ya fi kama da kuntigi ta fuskar ƙanƙanta da arha shi ne ukulele na tsibiran Hawai, wanda yake kamar 'yar ƙaramar jita mai tsirkiya huɗu. Shi ma baƙi 'yan ci-rani ne suka haifar da shi. A 1879 wani jirgin ruwa mai suna Ravenscrag ya kawo ma'aikatan gonakin rake daga tsibirin Madeira na Fotugal zuwa Honolulu, cikinsu har da massassaƙa uku, Manuel Nunes da Augusto Dias da José do Espírito Santo, waɗanda suka riƙa ƙera ƙananan kayan kiɗan ƙasarsu har suka rikiɗe suka zama ukulele. Sarki Kalakaua ya karɓe shi a fadarsa, daga nan ya bazu.

Inda suka rabu shi ne hanyar koyo. Wuyan ukulele yana da 'yan ƙarafa a gicciye waɗanda suka yanka sautuka mataki-mataki, don haka ana iya zana wa mai koyo hoton inda zai sa yatsu. Da ya iya kamu uku ko huɗu, zai iya raka waƙoƙi masu yawa, kuma mutum talatin za su iya zama a ɗaki ɗaya su kaɗa abu ɗaya a tare. Wannan ne ya sa aka shigar da shi makarantu, kamar yadda J. Chalmers Doane ya yi a Halifax ta ƙasar Kanada daga ƙarshen shekarun 1960, kuma ya sa ake da ƙungiyoyin masu kaɗa shi a garuruwa da yawa na duniya. Kuntigi bai sami wannan gata ba. Sauti ɗaya yake fitarwa a lokaci ɗaya, babu ma'auni guda da aka amince a ɗaure tsirkiyarsa a kai, kowane makaɗi yana daidaita nasa ne da muryarsa. Abin da ya ba shi 'yancin bin harshen Hausa shi ne kuma ya sa yake da wuyar koyarwa a aji. Iliminsa yana zaune ne a hannun mai shi da kunnen wanda ya zauna kusa da shi.

Waƙoƙinsa

Waƙar Karen Mota ita ce ta farko da ta fito da shi, kuma har yanzu da ita aka fi tuna shi. Karen mota shi ne yaron da ke bin babbar mota ko bas: shi ke kiran fasinja, ya loda kaya ya sauke, ya sa weji a bayan taya idan an tsaya a gangara, ya zuba ruwa a lagireto, ya canza taya, ya tura mota idan ta mutu, ya kwana a gindinta yana gadi. Ladansa shi ne wata rana maigida ya koya masa tuƙi. Sunan kansa raini ne, domin an kwatanta shi da kare mai bin ubangijinsa, shi ya sa a yau aka fi cewa yaron mota ko kwandasta. Ɗan Maraya ya ɗauki salon yabo, wanda aka saba yi wa sarakuna da jarumai, ya ɗora shi a kan wannan yaro. Abin ya zo da ban dariya, amma ba dariyar izgili ba ce. Duk wanda ya taɓa shiga motar haya a tashar Jos, ko Kano, ko Birnin Kudu da Gwaram, ya san cewa tafiyar ba ta yiwuwa sai da shi. A wannan layi ne kuma waƙarsa ta Lebura take.

Rukuni na biyu shi ne waƙoƙin aure. Jawabin Aure tana jero matsalolin da saki ke jawowa, tana kuma jan hankalin miji da mata su sasanta tsakaninsu. Auren Dole tana sukar iyayen da ke zaɓa wa 'yarsu miji ba tare da yardarta ba. Wannan magana ce mai nauyi a lokacin da ya yi ta, kuma mawaƙin da ke cin abinci a gidajen manya zai yi tunani sau biyu kafin ya taɓa ta. Gulma Wuya labarin wata magulmaciya ce ta unguwa wadda take haɗa baki da boka suna kashe auren mutane. A nan ne gwanintarsa ta kwaikwayon muryoyi ta fi fitowa. Ana iya cewa a wasu daga cikin waɗannan waƙoƙi laifin ya fi karkata wajen mata, kamar yadda yake a yawancin adabin gargaɗi na zamaninsa, amma Auren Dole ta nuna cewa ya iya tsayawa a gefen yarinya ya fuskanci iyaye.

Rukuni na uku ya shafi halin mutane da zaman duniya. Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali tana magana ne a kan yadda ba a iya gamsar da mutum ko a san inda ya dosa. Mai Akwai da Babu tana duban zaman mai shi da marar shi. A irin waɗannan waƙoƙi ba ya ɗaga murya kamar mai wa'azi. Misalai yake jerowa daga abin da kowa ya sani, ya bar mai sauraro ya tsinci kansa ko maƙwabcinsa a ciki.

Yaƙin basasa da yaɗuwar suna

A lokacin yaƙin basasar Najeriya, daga 1967 zuwa 1970, yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya yi waƙoƙi da dama na yabon sojojin gwamnatin tarayya, inda ya riƙa siffanta abubuwan da ke faruwa a fagen daga. Ba shi kaɗai ba ne, Shata da wasu mawaƙan Arewa ma sun yi, kuma waƙoƙi ne na ɓangare ɗaya a yaƙin da ya ci rayukan fararen hula masu ɗimbin yawa, musamman a yankin Biyafara. Sun dai ƙara kai sunansa wuraren da bai taɓa takawa ba.

Rediyo ne ya yi sauran aikin. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ana kama shi a faɗin Arewa da Jamhuriyar Nijar da wasu ƙasashen maƙwabta, kuma waƙoƙinsa sun bi ta nan, sannan ta faifan garmaho, daga baya ta kaset. Murya ɗaya da tsirkiya ɗaya suna da sauƙin ɗauka, suna kuma fita tsaf ko a ƙaramar rediyo mai batir. Ya yi wasa a tarukan gwamnati da bukukuwan al'adu a cikin Najeriya, ya kuma wakilci ƙasar a ƙasashen waje.

Daga shekarun 1990 kiɗan Hausa na matasa ya koma situdiyo, inda fiyano ɗaya ke kwaikwayon kalangu da sarewa da ganga ga waƙoƙin finafinan Kano. Ɗan Maraya bai bi wannan hanya ba, ya ci gaba da kuntiginsa. Bai kuma bar Jos ba, duk da rikice-rikicen da suka auka wa garin a 2001 da 2008 da 2010, waɗanda suka raba unguwannin da a da ake zaune a cakuɗe.

Nazari da girmamawa

Waƙoƙinsa suna cikin waɗanda ake nazarta a sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, wanda ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan makaɗa da mawaƙan Hausa, shi ne ya daidaita yawancin kalmomin da ɗalibai suke amfani da su wajen irin wannan nazari, kamar turke da gindi da ɗiya. Graham Furniss na Jami'ar Landan ya tattauna Ɗan Maraya a littafinsa na 1996 a kan adabin Hausa, haka kuma masanin harshe Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ya yi bayanin rayuwarsa da salon kiɗansa domin masu koyon Hausa. Kuntigi kansa yana cikin ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa da David Ames da Anthony King suka buga a 1971.

Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa na dakta, shi ya sa ake kiransa Dakta Adamu Ɗan Maraya Jos. Gwamnatin Najeriya ta ba shi lambar girma ta ƙasa, ya kuma sami lambar zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya.

Rasuwa

Ɗan Maraya ya rasu a Jos ranar Asabar, 20 ga Yuni, 2015, a kwanakin farko na watan Ramadan, bayan ya yi fama da rashin lafiya. Yana da kimanin shekara 69. An yi jana'izarsa a Jos, kuma Shugaba Muhammadu Buhari, wanda bai cika wata guda da hawa mulki ba a lokacin, yana cikin waɗanda suka aika da saƙon ta'aziyya.